Yadda ake ba kwamfuta wuta a cikin mota ba tare da an kashe batir ba

Ayyuka da dama da a da ake yi da biro da takarda sun koma kan kwamfuta, kuma ba dukansu ake yi a ofis ba. Mai rajistar katin ɗan ƙasa, da malamin gona mai ɗaukar sunayen manoma, da ma'aikacin lafiya mai tattara alƙaluman rigakafi, da ɗan kasuwar da ke bin kasuwannin ƙauye da lissafin kayansa, duk sukan yini a inda babu soket ɗin da za su dogara da shi. A irin wannan hali mota ce ofis, batirinta kuma shi ne tashar lantarki.

Jihar Kebbi ta daɗe da sanin wannan salon aiki. A rajistar masu zaɓe ta farkon shekarar 2011, lokacin da Farfesa Attahiru Jega, ɗan asalin jihar, ke shugabantar hukumar zaɓe ta INEC, an rarraba kwamfutocin tafi-da-gidanka zuwa rumfunan rajista a faɗin ƙasar nan, kowace da batirinta na ajiya. A ranar 17 ga Nuwamba, 2015, a Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers, wanda ya buƙaci manomi ya mallaki asusun banki da lambar BVN. A Disamban 2020 kuma aka ba da umarnin haɗa layukan waya da lambar NIN. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya fitar da ma'aikata da na'urori daga birni zuwa karkara.

Wutar da jihar ke samu tana zuwa ne ta babban layin da ya taso daga Kainji zuwa Birnin Kebbi, kamfanin Kaduna Electric ke rarraba ta. Amma wanda aiki ya kai shi Maruda a ƙasar Gwandu, ko wani ƙauye a yankin Kalgo, sau da yawa a gindin bishiya ko ƙofar gidan mai gari zai kafa teburinsa, ko da akwai wuta a garin. Idan bai san yadda wutar motarsa take ba, ɗayan uku na jiransa: kwamfuta ta ƙone, ko aikin yini ya salwanta, ko mota ta ƙi tashi da magariba.

Wutar mota daban, ta gida daban

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar lantarki ita ce a kwatanta shi da injin ban-ruwa a fadama. Ƙarfin da injin ke tunkuɗa ruwa da shi, shi ne ake aunawa da bolt. Yawan ruwan da ke bi ta cikin tiyo shi ne amfiya. Aikin da ruwan ya yi gaba ɗaya shi ne wat, kuma ana samun sa ne idan aka ninka bolt da amfiya.

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, kuma mai kai-komo ce, tana sauya alkibla sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Ta ƙaramar mota bolt 12 ce, mai tafiya alkibla guda. Tirela da manyan motocin ɗaukar kaya galibi bolt 24 suke amfani da shi, don haka na'urar da aka yi domin ƙaramar mota tana iya ƙonewa nan take idan aka jona ta a tirela.

Sai dai bolt 12 ɗin nan suna ne kawai. Batir mai lafiya da ya cika, idan mota na kashe, yakan nuna kusan 12.6. Da an tayar da inji, altaneta, wato na'urar da ke cajin batir, takan ɗaga shi zuwa tsakanin 13.5 da 14.5. A daidai lokacin da ake murza makulli kuwa, kik yakan zuƙi amfiya sama da ɗari, wutar ta faɗi zuwa 10 ko ƙasa da haka na ɗan lokaci. Ƙwan fitila ba ya damuwa da wannan hawa da sauka, iyaka ya dushe ya dawo. Kwamfutar da ba ta da batirin kanta kuwa mutuwa take yi, duk abin da ba a adana ba ya tafi.

Akwai kuma haɗarin da ya fi wannan. Idan kan batir ya kwance ko aka cire shi alhali inji na aiki, wutar da altaneta ke turawa takan rasa mazauni, ta yi tsalle zuwa ninki uku ko fiye na ƙa'ida cikin ƙiftawar ido. Wannan ya sa al'adar nan ta cire kan batir don a gwada ko altaneta na caji, ko aro batirin wata mota a tayar sannan a zare shi inji na tafiya, take da haɗari ga motocin zamani. A tsofaffin motoci marasa na'urori ana yi a kwana lafiya. A motar yau kuwa, ƙwaƙwalwar motar ita kanta kwamfuta ce, kuma tana iya tafiya tare da duk abin da aka jona.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a jona

Batirin mota tamkar randa ne, altaneta kuma ita ce mai zuba ruwa. Idan inji na kashe, ɗiba kawai ake yi. A jikin kowane batir an rubuta girmansa, kuma na ƙananan motoci yawanci yana tsakanin 45Ah da 75Ah. Ma'anar 60Ah, a takarda, ita ce batirin zai iya ba da amfiya 3 na tsawon awa 20.

A ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka mai caja ta wat 65. Idan aka bi da ita ta inbata, wadda ke cinye kusan kashi 15 cikin 100 na wutar a matsayin zafi, abin da za a ja daga batir ya kai wat 76. A raba 76 da 12, an sami amfiya 6 da ɗoriya. A batir mai 60Ah, cikin awa biyar an sha rabinsa. Gaskiya ne kwamfutar ba ta jan wat 65 koyaushe, domin da batirinta ya cika takan sauko zuwa wat 20 ko 30. Amma mai rajista ba kwamfuta kaɗai yake jonawa ba. Akwai na'urar ɗaukar zanen yatsa, da kyamara, da na'urar intanet, da wayoyin abokan aiki da na jama'ar gari da za su roƙi a sa musu caji.

Kwamfutar tebur da allonta kuwa sukan ci wat 150 zuwa 250. Wat 200 ta inbata amfiya 20 ke nan daga batir. Ramin kunna sigari na yawancin motoci fiyus ɗinsa na amfiya 10 ne ko 15, wato iyakarsa wat 120 zuwa 180. Shi ya sa fiyus ke yawan ƙonewa da zarar an jona babbar kwamfuta a nan. Firinta mai amfani da garin tawada, wadda ke gasa rubutu a kan takarda da zafi, takan zuƙi ɗaruruwan wat a lokacin da take ɗumama kanta, har wani lokaci ta kusa dubu. Mai tawadar ruwa kuwa da wuya ta wuce wat 30. Ga aikin mota, ta biyun ce ta dace.

Wani abin lura shi ne batirin mota ba a ƙera shi don a riƙa tatsar sa a hankali ba. Dokin sukuwa ne: ya ba da ƙarfi mai yawa na daƙiƙa biyu ko uku, sannan altaneta ta mayar masa da abin da ya kashe. Faifan darmar da ke cikinsa sirara ne, kuma duk lokacin da aka shanye shi ƙasa sosai sukan lalace kaɗan, lalacewar da ba ta gyaruwa. Batirin da aka kwantar har ƙasa sau da yawa ba zai yi shekarun da ya kamata ya yi ba. Ƙaramin mita na auna bolt, wanda ake sakawa a ramin sigari, yana da araha kuma yana faɗin gaskiya: 12.6 batir ya cika, 12.2 saura rabi, idan ya sauka ƙasa da 12 to a daina jan wuta, a tayar da mota.

Hanyoyi uku na jona kwamfuta

Hanyar da aka fi sani ita ce inbata. Tana ɗaukar bolt 12 ta mayar da shi 230, sannan cajar kwamfuta ta sake sauko da shi zuwa kusan 19, wanda shi ne yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ke buƙata. Wannan kamar mutum ne ya tashi daga Kalgo zai je Birnin Kebbi, ya zagaya ta Sakkwato. Za a isa, amma an ƙona mai a banza, domin a kowane juyi ana asarar wuta. Amfanin inbata shi ne tana karɓar kowace irin na'ura. Iri biyu ne a kasuwa. Mai araha tana fitar da wuta mai gargada, wadda cajoji da yawa ke jurewa amma suna zafi, wasu kuma su riƙa ƙara. Mai tsada tana fitar da wuta sumul irin ta gida, kuma ita ce ta dace da firinta da na'urori masu laushi. A kuma yi hattara da lambar da ke jikin kwali, domin sau da yawa ƙarfin da inbata ke iya bayarwa na ɗan lokaci ake rubutawa da manyan baƙaƙe, wanda take iya riƙewa tsawon yini kuma kusan rabin haka ne. Araha dai ba ta ado.

Hanya ta biyu ita ce cajar mota ta musamman, wadda ke ɗaga bolt 12 kai tsaye zuwa 19 ba tare da zagaye ba. Ta fi inbata tattalin wuta, ba ta da fanka mai ƙara, kuma aljihu ma ya ishe ta. Abin dubawa a nan shi ne bolt ɗinta ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙasan kwamfutar, wat ɗinta kada ya gaza na cajar asali, bakinta kuma ya zauna daram. Sababbin kwamfutoci masu caji ta kafar USB-C sun ƙara sauƙaƙa lamarin, domin caja da kwamfuta kan daidaita a tsakaninsu kan ƙarfin da za a tura. Sai dai ƙaramar cajar waya ba za ta wadatar ba, sai wadda aka rubuta tana ba da wat 45, 65 ko 100.

Ga mafi yawan ma'aikata da 'yan kasuwa, kwamfutar tafi-da-gidanka tare da irin wannan caja ita ce mafita, saboda batirin cikinta yana rufa mata asiri a lokacin da ake tayar da mota.

Hanya ta uku ta shafi kwamfutar da aka girka dindindin a cikin mota, kamar a motar asibitin tafi-da-gidanka, ko motar kamfani mai na'urar bin sawu, ko allon Android da ake sakawa a gaban direba. A nan akan yi amfani da na'urar rarraba wuta da aka ƙera domin mota, irin su M4-ATX, wadda ke karɓar wuta daga bolt 6 har zuwa 30 ta fitar da 12 da 5 da 3.3 tsayayyu, yadda kayan cikin kwamfuta ke so. Irin wannan na'ura tana lura da makulli. Idan aka kunna mota ta ɗan jira sannan ta tayar da kwamfuta. Idan aka kashe ta aika wa kwamfutar saƙon ta rufe kanta cikin tsari, idan kuma batir ya yi ƙasa ta yanke wutar gaba ɗaya.

Kuskuren da aka fi yi wajen girka allon gaban mota yana cikin wayoyi uku. Baƙa ta jikin mota ce. Rawaya tana zuwa batir kai tsaye don na'urar ta riƙe agogo da saitinta. Ja kuma tana bin makulli. Idan mai haɗawa ya murɗe ja da rawaya wuri guda don gudun wahala, allon ba zai taɓa yin barci ba. Motar da ke kashe bai kamata ta riƙa jan fiye da kashi 5 cikin 100 na amfiya ɗaya ba. Allon da bai mutu ba yana iya jan ninki goma na haka ko fiye, mai mota ya ajiye ta ranar Juma'a, ya zo ranar Litinin ya tarar batir ya kwanta, ya ɗora laifin a kan mai sayar da batir.

Batir na biyu da hasken rana

Wanda aikinsa ke cin yini guda a wuri ɗaya, abin da ya fi masa shi ne ya raba gari: batirin mota na tayar da mota, wani daban na aiki. Na aikin ya zama irin na inbatar gida ko na sola, mai kaurin faifai, wanda ke jure a sha rabinsa kullum a sake cikawa. Idan na farko dokin sukuwa ne, wannan raƙumin fatake ne. Tsakanin su biyun akan saka makunni mai sarrafa kansa, wanda ke haɗa su idan inji na aiki don altaneta ta cika duka, ya raba su da an kashe mota. Ta haka ko na aiki ya ƙare ƙarƙaf, mota za ta tashi.

Batiran lithium nau'in LiFePO4 sun fi na darma sauƙin ɗauka da tsawon rai, kuma ana iya shan kusan duk abin da ke cikinsu. Sai dai sun fi tsada, kuma suna buƙatar cajar da aka yi dominsu a tsakaninsu da altaneta. Batirin darma mai ruwa kuwa yana fitar da iska mai kama wuta a lokacin caji, don haka ba a ajiye shi a rufaffen wuri kusa da fasinja.

Rana ba ta yi wa Kebbi rowa ba. Faifan sola mai wat 100 da aka shimfiɗa a kan rufin mota yana iya tara abin da ya kai wat 400 na awa guda a yini mai haske, wanda ya ishi kwamfutar tafi-da-gidanka aikin yini. Sharaɗin shi ne a bi da shi ta na'urar daidaita caji, a kuma riƙa goge ƙura, musamman a lokacin hunturu.

Fiyus da kaurin waya

Mutane kan raina bolt 12 saboda ba ya jan mutum. Amma batirin mota na iya tura ɗaruruwan amfiya idan waya mai wuta ta taɓa ƙarfen mota, kuma cikin daƙiƙoƙi wayar za ta yi ja, robarta ta kama. Yawancin gobarar da ke tashi daga haɗin wuta a mota daga nan take farawa.

Don haka duk wayar da za a ja daga batir a sa mata fiyus kusa da kan batirin, kada ya wuce taƙi ɗaya. Fiyus wayar yake karewa, saboda haka girmansa ya dace da kaurinta. Inbatar da ta wuce wat 150 a haɗa ta da batir kai tsaye da waya mai kauri kuma gajera, domin a ƙaramin bolt siririyar waya mai tsawo tana cinye wuta ta mayar da ita zafi. Inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba. Idan fiyus ya ƙone, dalili ne ya ƙona shi. Maye gurbinsa da wanda ya fi shi girma, ko naɗa masa zaren waya kamar yadda wasu ke yi a bakin hanya, cire mai gadi ne daga ƙofa. Wannan aiki na mai gyaran wutar mota ne wanda ya san hannunsa, kuma mai mota na da haƙƙin ya ce a nuna masa inda aka sa fiyus.

Zafi, ƙura da gargada

Daga Maris zuwa Mayu zafi a yankin Gwandu da Birnin Kebbi kan haura digiri 40 a ma'aunin Salsiyas, cikin motar da aka rufe a rana kuma yakan wuce 60. Yawancin masu ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka sun ƙayyade ta yi aiki ne a zafin da bai wuce 35 ba. Idan ta yi zafi takan rage gudu, ta kai ga kashe kanta, batirinta kuma ya kumbura. Batirin darma ma zafi na cin sa: ƙa'idar da masana ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana rage rabin rayuwarsa. Saboda haka a nemi inuwa, a buɗe tagogi, kada a ɗora kwamfuta ko inbata a kan kujera mai laushi da za ta toshe kafofin iska, kada kuma a bar su a mota idan an tafi salla ko cin abinci da rana tsaka.

Ƙura na toshe fanka, don haka a riƙa hure ta lokaci-lokaci. Tsohuwar ma'ajiyar bayanai mai faifai mai juyawa ba ta son gargadar hanyar ƙauye, tana iya lalacewa idan mota ta faɗa rami tana aiki. Nau'in SSD ba shi da abin da ke motsi a ciki, shi ya fi dacewa. Ko da wanne ake amfani, a kwafe aikin yini zuwa wani wuri kafin a kama hanya. Direba kuma ba shi da hurumin taɓa allo yana tuƙi, hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana kama mai amfani da waya a kan sitiyari.

Barin inji a kunne

Wasu kan ga mafi sauƙi shi ne a bar mota tana aiki yini guda. Ƙaramar mota da ke tsaye inji na juyawa takan sha tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa, fiye da haka idan an kunna na'urar sanyaya. Awa shida lita uku zuwa shida ke nan, duk don ciyar da na'urar da ba ta kai ƙwan fitila biyu na mota ci ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan lissafi ya sauya: kuɗin man da za a ƙona a 'yan makonni na irin wannan aiki ya isa a fara tara na batir na biyu. Bugu da ƙari, altaneta ba ta ba da cikakken ƙarfinta idan inji na tafiya a hankali, don haka cajin da ake zaton ana samu bai kai yadda ake tsammani ba.

Akwai kuma batun rai. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, irin wadda ke hallaka iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. Ba a barin inji a kunne a cikin gareji ko rumfa mai rufi, ba a kuma zama cikin mota a rufe na tsawon lokaci idan salansarta na yoyo.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda zai fita aikin karkara ya tara wat ɗin duk na'urorinsa a takarda, ya ninka da awannin da zai yi, ya gwada haɗin a gida na yini ɗaya yana duba mita. Ya tafi da fiyus na ajiya da wayar jona batir da batir, ya cika batirin kwamfutar tun da dare. Idan kuma batir ɗaya gare shi, ya ajiye motar a inda za a iya tura ta, ya tayar da ita tun rana ba ta faɗi ba.